Ku Rage Surutu, Mu'mina Na Waƙa

Kibiya,
15 ga Yuni.

Anti Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya aiki, ya Kano? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ruwa ya zauna, an gama shuka, Baba kullum yana gona. Ƙanwata Zaituna ta yi zazzaɓi kwana uku amma ta miƙe, har ta koma rashin jinta.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wace ce kuma mai rubuta wasiƙa a wannan zamanin. Ni ce, Mu'mina, ta wajen Yayarki Rahma, wadda ta kawo miki ruwa ranar zaman makoki ta kasa ɗago kai. Ba ni da waya. Ko da ina da ita ma, ni bakina ba ya aiki, sai biro. Malam Mika'ilu direba ya ce ya san gidanku, shi na ba.

Anti, zan faɗa miki abin da ba wanda ya sani sai ƙawata Ramlatu. Ina yin waƙa. Ba ta wani nake bi ba, tawa ce, ni nake haɗa ta a kaina in ina tuƙa tuwo ko ina hanyar makaranta. Tun Inna na da lafiya, in ta fita tsakar gida aiki sai in ɗauke wayarta in shige ɗaki. Akwai wata tsohuwar randa da ta tsage, ba a zuba mata ruwa. Sai in kunna ɗaukar murya in ajiye wayar a ƙasanta a kan tsumma, in sunkuya in sa fuskata a bakinta in rera, ina buga cikinta da tafin hannu. Randar tana sa murya ta yi faɗi kamar ta rediyo. Kada ki yi min dariya.

Daga nan ciwon Inna ya zo. Wata biyar muna tsakanin gida da asibitin Rano, sauran kuma kin sani. Shekara guda da wata ɗaya na yi ban rera ko baiti ɗaya ba. Da aka zo raba kayanta wayar ta tafi wajen Kawu, amma kafin nan na zare katin memorin na ɓoye a gwangwanin kwallinta.

Shekaranjiya Ramlatu ta aro min wayar yayanta. Na sa katin, na koma gaban randa, na sake rera waƙar nan guda ɗaya da na fi so. Da na saurara sai na ji kamar wata ce daban. Ban sani ba ko muryar ce ta lalace, ko ni ce na manta yadda take.

Inna ta sha cewa aikinki a gidan rediyo shi ne gyaran muryoyi. To ga katin nan a cikin takardar alawa, na ɗaure da zare. Waƙa biyu ce a ciki, tsohuwa da sabuwa. Sauran na da duk ina yi ina gogewa don kunya, wannan ce kaɗai na kasa. Ki saurare su ki faɗa min gaskiya, ko da ba daɗi. In kin ce in bari, zan bari.

Shi kaɗai ne katin, ba ni da wani. Ramlatu ta ce in kai wa masu turin waƙoƙi a kasuwa su kwafa min, na ƙi. Kin san su, duk abin da ya shiga kwamfutarsu ya zauna ke nan, kafin la'asar sai ki ji shi a wayar masu babur. A wayar yayanta ma ban bar komai ba.

Tsohuwar, ki saurare ta da abin kunne don Allah, har ƙarshe.

Taki,
Mu'mina Ishiyaku.

Kibiya,
22 ga Yuni.

Anti Sa'adiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan katin ya iso lafiya. Mu muna nan ƙalau, sai Baba da ƙafarsa ta ɗan kumbura, ƙaya ce ta soke shi a gona.

Ki yi haƙuri, ban jira amsarki ba na sake rubutowa. Akwai abin da na ɓoye a waccan takardar, kuma tun da motar Malam Mika'ilu ta tashi hankalina bai kwanta ba.

Kin san Inna da kunyar 'yar fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke." "Yarinyar nan." In ƙannena ta aiko, "ku kira yayarku." Ranar da na zo ta ɗaya a makaranta aka ba ni kyauta na kawo mata, ta karɓa, ta juya ta, ta ajiye a kan gado, ta ce in je in hura wuta. Ban taɓa jin haushinta ba. Haka aka yi mata a Rurum, haka aka yi wa uwarta. Amma in ina karanta littattafan nan da nake aro, in ga uwa ta rungume 'yarta tana kiran sunanta, sai in rufe littafin in daɗe ina kallon rufin ɗaki.

Kuma ni duk zatona ba ta san ina waƙa ba. Gani nake in ta sani fasa randar za ta yi.

Ranar da aka aro min wayar nan, kafin in rera sabuwar, sai na sa abin kunne na saurari tsohuwar. Da ban taɓa jin ta da abin kunne ba, a tafin hannu nake ji, a hankali. Wajen ƙarshe, inda nake jan "ina jiran ka", akwai ƙarar turmi a waje da muryoyin mata. Gwaggo Saudat maƙwabciyarmu ce da wata suna ta hira. Sai turmin ya tsaya. Sai na ji Inna, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada a ji ta, ta ce:

"Ku rage surutu, Mu'mina na waƙa."

Anti, sau goma sha ɗaya na maimaita kafin a zo karɓar wayar. Ashe ta sani. Ashe har dakanta ta tsayar saboda ni. Kuma ta faɗi sunan, ta ɗan ja ƙarshensa yadda ba wanda yake ja.

Za ki ce me ya sa ban gaya miki tun farko ba. A littattafai ba a faɗin irin wannan, ana barin mutum ya gano da kansa. Na riƙa hango ki a ofis da abin kunne a kanki, ki ji muryar Yayarki ba zato ba tsammani, ki dafe ƙirji. So na yi ya zo miki yadda ya zo min. Yanzu kuma tsoro ya kama ni. In katin ya faɗi fa? In yara suka ɗauka suka yi wasa da shi? Ba wani wuri a duniya da muryar Inna ta rage sai nan. Ko hoto ɗaya ne da ita, shi ma ta sunkuyar da kai.

Ki ajiye min shi inda kike ajiye sarƙarki. In kin gama saurare ki dawo min da shi yadda yake.

Taki,
Mu'mina.

Kano,
2 ga Yuli.

'Yata Mu'mina,

Wa alaikumus salam. Takardarki da katinki sun same ni lafiya, mu duka lafiya. Ki gaishe da Malam Ishiyaku da yara. Ki yafe min jinkiri, aiki ne ya sha kaina.

Kai, yarinyar nan! Ashe haka kike? Shiru-shiru a gaban mutane, randa kuwa ta sha labari. Sau biyu na karanta takardarki, na farko ina dariya, na biyu ban yi ba.

Gaskiya kika nema, ga ta. Tsohuwar waƙar muryar yarinya ce, siririya, mai zaƙi, tana gudu ba ta tsoron komai. Sabuwar ta fi ta kauri, ta sauka ƙasa. Ba lalacewa ta yi ba, girma ta yi. Wallahi da kika ɗauko baitin farko sai da tsigar jikina ta tashi, don muryar Yaya Rahma ce sak lokacin muna 'yan mata a Rurum, in tana niƙa tana rerawa ta ɗauka ba mai ji.

Matsalarki ita ce kina rera ta kamar wadda ta yi sata. Ƙarshen kowane baiti sai kin haɗiye shi. Numfashinki yana ƙarewa kafin ki kai "shanya", saboda a wuya kike riƙe shi. Ki jawo shi daga ciki, ki buɗe baki, randa ba za ta kai ƙararki ba. Hannunki kuma yana rigan bakinki a amshi, ki rage gaggawa.

Sai tambaya. "Hadari ya taso daga Rurum, ban kwashe shanya ba ina jiran ka." Wane ne wannan da ake bari kaya su jiƙe saboda shi? In na littafi ne, to, Allah ya kawo shi. In na Kibiya ne, ina son sunan ubansa.

Yanzu albishirinki. Na yi miki irin aikin da nake yi wa manyan baƙi. Tsohuwar cike take da hayaniya, ga turmi, ga kaji, ga mata suna ta surutu a baya. Na zauna na tsince su tas, na bar muryarki ita kaɗai da randarki. Za ki ji kamar a situdiyo aka ɗauka. Katin kuma da cuta ya zo, ina sa shi kwamfuta ta hau gargaɗi. Duk katin da ya shiga wayar samari haka yake. Sai na kwashe waƙoƙin, na wanke shi gaba ɗaya, na mayar miki da gyararrun biyu, na cika sauran wurin da kiɗe-kiɗe marasa murya ki riƙa gwaji a kai. Ga shi nan a takardar alawarki, har zaren.

Kada ki kuskura ki bari. Ki sake rera ta yadda na ce ki aiko. Ga lambata a bayan takarda, in kin sami waya ki kira, ko gaisuwa ce in ji.

Antinki,
Sa'adiya.

Kibiya,
8 ga Yuli.

Anti,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya.

Na saurara. Na kai wurin da turmi yake tsayawa, ba turmi, ba Gwaggo Saudat, ba kowa. Ni kaɗai ce ina jan "ina jiran ka" a cikin wani irin shiru kamar na ƙasan rijiya. Na mayar baya. Na cire abin kunnen na hura shi na sake sawa. Na ce wa Ramlatu wayar ce ta lalace. Ta saurara ta ce ai waƙar ta yi kyau, me nake yi wa kuka.

Da sassafe na tare Malam Mika'ilu a tasha na tambaye shi takardata ta biyu. Ya ce ya kai. Na tsaya ban tafi ba. Sai ya shiga mota ya yi lalube, ya zaro ta daga bayan abin kare rana, ta yi ƙura. Ya ce au, ya yi ta ba ni haƙuri. Kwana goma sha shida tana zuwa Kano tana dawowa, har ƙofar gidanku ta je ranar da ya karɓo taki. Ga ta nan na haɗa da wannan. Ita za ki fara karantawa.

Ɗazu da hantsi, yau Talata, na kira lambarki. Kika ɗauka kika ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?" har sau uku. Yayan Ramlatu yana tsaye a kaina yana jiran wayarsa, abokansa biyu suna kallona. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na kashe na miƙa masa.

Kin ce kin kwashe waƙoƙin kafin ki wanke katin. To ta asalin tana cikin kwamfutar, ko? Don Allah, don Annabi, ki duba. Kada ki gyara komai, kada ki taɓa komai. Da kajin da turmin da duka nake so. Ko waƙar ma ki cire, ki bar min hayaniyar.

Anti, ki ce tana nan.

Mu'mina.

Kano,
15 ga Yuli.

Mu'mina,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya Litinin takardunki biyu suka iso. Motar Malam Mika'ilu kwana biyar ta yi a wajen bakanike a Rano. A tsaye na karanta su a ƙofar gida, ban ma shiga ba, na tari adaidaita na koma ofis.

Ba zan ja miki rai ba. Babu.

Kwamfutar da nake aiki a kai mu biyar ne muke amfani da ita. In ta cika, ana share duk abin da ba na shirye-shirye ba. Ranar Juma'ar nan da ta wuce aka share, aka kuma zuba shirye-shiryen Asabar da Lahadi a kai. Na kira Jabiru, mai kula mana da na'urori, ya zauna da ita tun azahar har magariba yana tono. Ya tono tallar taki, ya tono wata hira ta bara. Waƙarki bai samu ba. Ya ce katin ma, tunda na cika shi da kiɗa, ba abin da zai dawo.

Na ɗauki gyararriyar na ƙure mata ƙara a daidai wurin, ko wani ɗan burbushi ya tsira a ƙarƙashin muryarki. Ba ko ɗaya. Aikin nawa ya yi kyau ƙwarai.

Kin ce in sa abin kunne, kuma na sa. Amma shekara goma sha biyu ina wannan aikin, an koya wa kunnena kada ya saurari abin da ke baya. Mu hayaniya a fuskar kwamfuta muke ganin ta, tsini-tsini, mu zagaye mu cire. Na ji mata suna magana, ban tambayi kaina su wane ne ba. Ina tuna wurin ma, don na ga ƙarar turmin ta yanke, na ce madalla, nan zai yi sauƙi.

Yaya Rahma ce ta goye ni da uwata ta rasu. Ita ta yi min kitson farko da na shiga makaranta da shi. Muryarta ta zo har hannuna a takardar alawa, ni da kaina na zagaye ta na cire. Kuma dokar aikinmu ta farko ita ce ba a taɓa na asali sai an tambayi mai shi. Na san dokar. Na ga ke yarinya ce, na ɗauka na fi ki sanin abin da kike so.

Ban san da wane baki zan ce ki yafe min ba, don haka ban ce ba tukuna. Ki rubuto min ko me ke ranki.

Sa'adiya.

Kano,
10 ga Agusta.

Mu'mina,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Sau uku ke nan Malam Mika'ilu yana zuwa hannu wofi. Ya ce yana ganin ki a famfo, ki gaishe shi ki wuce.

Na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, na Rurum da na Rano, ko akwai mai muryar Yaya Rahma a waya. Ba ta taɓa aika wa kowa saƙon murya ba. Kawunki ya duba wayar, lambobi ne kawai a ciki. An samo min bidiyon wani biki da aka yi a Yalwa shekara huɗu da suka wuce. Tana ciki. Ta wuce da tire, ta ga mai ɗauka, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta ce komai ba.

Ko zagi ne ki rubuto. In kuma kin fi son in zo Kibiya in durƙusa a gaban randar, ki faɗa wa Malam Mika'ilu, ranar Asabar ina hanya.

Sa'adiya.

Kibiya,
7 ga Satumba.

Anti Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara. Mu lafiya. Gero ya fitar da kai, ƙafar Baba ta warke. Takardunki biyu duk sun iso, na karanta, na sa a ƙarƙashin katifa.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Kwana da yawa. Sai wata rana ina tsince shinkafa na ƙirga kwanakin. Ranar Talata na kira ki. Ranar Juma'a aka share. Kwana uku tana nan zaune tana jira in ce kalma huɗu, "Anti kada a goge." Kin ƙirga ke ma, na sani, kika ƙi rubutawa. Daga ranar fushin ya rasa inda zai zauna. Ki bar zancen durƙuso. Na yafe, ke ma ki yafe min shirun.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Kullum da safe in ina hura wuta sai in maimaita maganar Inna a kaina yadda ta faɗe ta. To ta fara gogewa, Anti. Wata rana in ji ta ja ƙarshen sunan, wata rana in ji ba ta ja ba, har na fara shakkar ko ni na ƙirƙira, irin na masu karatun littafi.

Shi ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Na shiga gidan Gwaggo Saudat na same ta tana tankaɗe, na tsuguna, na tambaye ta ko tana tuna wata rana da Inna ta ce su rage surutu. Sai da na faɗa sau biyu kafin ta ji.

Ta ajiye rariya ta ce, "Wace rana a ciki? Ke, 'yar nan, ai uwarki ta hana mu sakat! Da kin tura kai a randar nan sai ta ɗaga mana hannu kamar ɗan sandan hanya. Akwai ranar da gero ya kwana ba a surfa ba saboda ke da mutumin nan naki na Rurum."

Na ce, "Gwaggo, da sunana take faɗa?"

Ta ce, "In ba ta ga idonki ba? Har gajiya muke yi da shi."

Na roƙe ta ta faɗa min yadda Inna take faɗa. Ta gyara zama ta faɗa. Anti, kin san muryar Gwaggo, kamar ana kiran shanu. Muka kalli juna muka fashe da dariya, daga nan kuma dariyar ta juye. Da ta share ido sai ta ce, "Ni ina zan iya? Ke za ki faɗa, ke kika ɗauke muryar." Sai na tuna kin rubuta haka ke ma, tun kafin komai ya faru.

Jiya da hantsi na mirgino randar zuwa tsakar gida, daidai inda turmi yake, na sa wayar yayan Ramlatu a ciki. Ban shiga ɗaki ba. Baba yana zaure yana buga ƙotar fartanya. Na jawo numfashin daga ciki yadda kika ce. Ina cikin baiti na biyu na ji bugun ya tsaya. Bai shigo ba. Da na kai wurin, na ɗago kai daga randar, na sauke murya na faɗi maganar. Wani iri ne mutum ya kira sunan kansa. Sau ɗaya na yi, ban sake ba, ban kuma iya saurara ba.

Ga katin. Wannan karon Ramlatu ta ba ni wani tsohon katinta, na kwafa da kaina, yana gwangwanin kwalli.

Tambaya biyu nake da ita. Waƙar ta gyaru? Ta biyu kuma, ke da kika san muryarta tun kafin a haife ni, ki faɗa min gaskiya ko da ba daɗi: ya yi kama?

Mutumin Rurum na littafi ne, ba shi da uba.

Taki,
Mu'mina.

Kano,
12 ga Satumba.

'Yata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Na gode, Allah ya yi miki albarka.

Numfashinki ya kai "shanya" har ya yi saura. Hannunki har yanzu yana rigan bakinki a amshi na biyu, sai kin ƙara aiki a nan. Akwai zakara da ya yi cara a tsakiyar baiti, akwai wani yana bugun ƙarfe ya daina. Ban taɓa su ba. Ban taɓa komai ba.

Tambayarki ta biyu. A ofis na saurara, da abin kunne. Da aka zo wurin sai da na tashi na fita waje, Jabiru ya biyo ni yana tambaya ko an yi min rasuwa ne.

Shekara ashirin na zauna da Yaya Rahma, goma sha shida kuma tana uwarki. A gabana kunyar takan kama ta, "yarinyar nan" take cewa. Ni ma ban taɓa jin ta faɗi sunanki ba.

Jiya na ji.

Antinki,
Sa'adiya.